Pompon Kawu da Makullin da Ba Mu Samu Ba

Pompon rijiyar kawuna, can wajen Birnin Lalle, da hasken rana yake aiki, amma ƙarfe huɗu na cika sai ya mutu. Haka kamfanin ya tsara shi. Shanun Kawu kuwa ba su dawowa kiwo sai biyar, su tarar da kwami a bushe, su yi ta kukan da na rantse har Dakoro ana ji.

Ni da bakina da ba ya zama, na ce gaban kowa zan gyara. Wata uku kacal na yi ina taɓa ordinater, wato kwamfuta, a lakkwal, makarantarmu.

Na kwashi takardun pompon na kai wa Mushe, malamin da ke koya mana. Ya karanta, ya yi tsalle.

"Ke! Manhajar ciki mai 'yanci ce. Lasisinta ya ce duk wanda aka sayar wa na'urar, in ya nema, dole a ba shi asalin rubutun, ya gyara yadda yake so."

Muka rubuta wa kamfanin. Na kasa barci, na kasa cin tuwo, sai dai fura kwanya biyu. Kawu kuma duk mota ta shigo tasha sai ya aika a tambayo ko kayansa sun iso, har da amalanke, don yana zaton buhu ne.

Ta waya rubutun ya iso. Kwana uku muna jawo shi, ina tsaye bisa katanga ina farautar rezo, sabis ɗin waya. Mushe ya gano layin da ke kashe pompon, na goge huɗu da yatsana na sa shida. Ranar ko gaisuwa ban amsa ba.

Muka je rijiya, rabin ƙauye biye da mu. Mushe ya soka kile, ɗan abin da muka zuba gyaran a ciki, a akwatin pompon. Wata fitila ta yi ja. Ya sake, ja.

"Mushe, lafiya?" in ji Kawu.

"Akwatin ba ya karɓar gyara sai mai hatimin kamfani. Lasisin nan bugu na biyu ne, rubutun kawai ya tilasta su bayarwa. Na uku shi ya zo da zancen makullin hatimin."

"To a ba mu na ukun."

"Ba mu ke zaɓa ba, Alhaji."

Kawu ya dube ni. "Ɗiyata, ashe takardar saniya suka ba ki, igiyar na hannunsu."

Mun sake rubutawa muna roƙon makullin. Suka amsa da ladabi cewa sun cika abin da lasisi ya ɗora musu. Mushe ya duba, ya ce gaskiyarsu.

Huɗu ta yi, pompo ya yi shiru. Kawu ya fiddo tsohon guga, ya ɗaura wa jakai biyu, ya miƙo mini sanda.

"Injiniya, bisimilla."

Duk hutun lakkwal ɗin nan ni na kora su, tafi da dawowa, har shanu suka fara gane muryata.