Sirdin Kwalekwalen Odile

Shekara talatin da ɗaya Odile Charlebois ta yi tana durƙuso a goshin kwalekwale, mijinta Fernand na baya, kuma babu wanda ya taɓa ce mata sannu da tuƙi. In sun sauko gangaren kogin Gatineau lafiya, sai a ce, "Kai, Fernand ya san ruwa!" In sun kife, ita ake kallo. Alhali ita ke fara hango dutse, ita ke caka filafili ta fizgo hancin jirgin tun shi bai gama shawarar hagu ko dama ba. Abin bai dame ta ba. Ranakun aiki tana raba wasiƙu a ƙauyukan bayan garin Maniwaki, karnuka na rakiyarta da haushi, ran Asabar kuwa ruwa take so, ba yabo ba.

Sai gwiwoyin Fernand suka ƙi. Likita ya ce shi da durƙuso har abada. Ba a rufa mako biyu ba ya sayar wa wasu 'yan birni kwalekwalensu, ita tana wurin aiki. Ta dawo ta tarar da rumfar ajiyarsa wayam, ya ce wai ya hutar da su ne. Su wa? Sau goma ta tsuguna ta miƙe a gabansa don ya ga nata gwiwoyin, sannan ta yi kwana uku tana fushi da shi.

A ƙungiyarsu ta masu tuƙi, wanda ya bar ruwa direba yake komawa. Ya sauke mutane a saman kogi, ya kai mota mafita, inda za su fito daga ruwa, ya zauna da butar kofi yana jiran masu sa'a. Gaetan, shugaban ƙungiyar kuma mai shagon kwalekwale, har ya rubuta sunayensu su biyu a wannan aiki ba tare da ya tambaye ta ba. Ta je shagon ranta a ɓace.

"Kwalekwale na mutum ɗaya nake so," in ji ta.

"Madam Odile, shekara sittin fa." Ya ja ta wurin wani dogo mai faɗin ciki. "Ga wannan. Ko rawa kika taka a ciki ba zai kife ba."

"Na ce maka kwandon wanki nake nema? A Tukunya wannan sai ya kai ni kan dutse kafin ya yarda ya juya."

Tukunya ita ce gangaren da suke gwada mutum. Duk mai son bin tafiyar farkon shekara, lokacin da ƙanƙara ta narke kogi ya cika, sai ya sauko ta shi kaɗai a gabansu bai kife ba. In ya kasa sau uku, sai ya karɓi makullin mota.

Jirage huɗu ta sa aka kai mata tafkin bayan shago. Dogon yana tafiya sak, amma sai an roƙe shi yake juyawa. Wani guntu ja kuwa ko tari ta yi sai ya juya, ta san wannan na samari ne masu son a ɗauke su hoto. Ta tsaya a kan wani kore, gajere amma ba can ba, ƙasansa a gantsare kamar ayaba. Ta jingina shi gefe har ruwa ya taɓa baki, ya tsaya cak yana jiranta. Nan take ta ji shi a ranta.

Saura sirdi, wato dunƙulen soso mai tauri da ake sassaƙa wa mai jirgi daidai jikinsa, ya hau ya durƙusa a ɗaure cinyoyinsa. Ta faɗa wa Gaetan tsayin da take so, taƙinta ɗaya, yadda ta saba. Fernand, wanda ya biyo ta yana raɓe-raɓe, ya ce a bar masa, shi zai sassaƙa ya manna. Odile ta ji daɗi ƙwarai. Ta ɗauka ban haƙuri ne, har ta dafa masa miyar wake da yake so.

Ranar gwaji mutum goma sha biyu suka jeru a bakin Tukunya, har da Fernand. Ta shiga da kyau, igiyar ruwa ta farko ta ɗan bugi gefen jirgin, sai ga ta a ƙarƙashin ruwa. Sanyin ya shiga har haƙoranta. Aka jefa mata igiya aka jawo ta. Ta koma sama, ta sake shiga, ta sake kifewa, a wurin da ko ɗan koyo ba ya kifewa.

"Kaka, ki bar shi haka mana," wani ya ce. "Kofi ma aiki ne."

Aka yi dariya. Gaetan bai yi ba, amma ya riga ya fara laluben makulli a aljihu, wannan ya fi dariyar ƙona mata rai.

Ta zauna a kan dutse tana rawar ɗari, tana zagin jirgin, tana zagin kanta. Ta kai hannu za ta murza idon sawunta kamar kullum, sai ta tsaya. Ba ya ciwo. Tun tana amarya ba ta taɓa tashi daga durƙuso ba ciwo ba. Ta je ta ɗora taƙinta a jikin sirdin. Ya ɗara da yatsa uku. Da ta kai ido kusa ta ga layin gam siriri, an ƙara faifan soso a sama an goge shi sumul, aikin mai haƙuri.

Ta buɗe akwatin abincin ƙungiya ta ɗauko wuƙar burodi.

Fernand ya ɗingiso da sauri. "Odile, tsaya! Don ƙafafunki na yi. Ƙasa-ƙasa ɗin nan shi ya cinye nawa gwiwoyin."

"Matsa min, tsoho, kar na haɗa da yatsanka."

Ta yanke faifan ta wurgar, yankan a karkace, ko a jikinta. Ta hau, ta ja maɗauran cinya har suka kama. Nauyinta ya sauka cikin jirgin, ciwon da ta sani ya dawo idon sawu. Wannan karon igiyar farko ta buge ta, ta ba ta gefe ta wuce. Ta ratsa tsakanin duwatsu biyu, ta faɗa kumfar Tukunya, ruwa ya cika mata cinya, ta caka filafili ta fito daram a kan sirdinta. Gaetan ya kwarma ihu ya mayar da makulli aljihu.

A mafita ƙafafunta sun mutu, ta kasa tashi. Fernand ya shigo ruwa har ƙauri ya miƙo mata hannu. Ba ta karɓa ba. Tun tana yankan soson wani abu ke cin ta, yanzu ya fito fili.

"Fernand, rabin mutanen nan kai ka koya musu cewa sirdi in ya yi tsayi jirgi kifewa yake. Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba. Ka manta ne?"

Ya kalli ruwa.

"Da kai nake."

"Ban manta ba," ya ce a hankali. "Awa huɗu ake yi a motar nan, Odile. Ni kaɗai zan riƙa zama?"

Tausayi ya taso mata, ta haɗiye shi, don haushin ya fi shi yawa.

"Da ka tambaye ni, wallahi da wata Asabar ɗin na zauna da kai. Amma ka tsaya a kan dutse kana kallo aka tsamo ni sau biyu."

Ta kwance maɗauran, ta dafa bakin jirgin, ta zubo kan tsakuwa da rarrafe. Yana nan tsaye a cikin ruwa da hannunsa a miƙe, ita kuwa ta zauna tana jiran jini ya dawo ƙafafunta.