Inna Mai Hoto da Ranar Rufe Masaƙa

Shekara talatin da huɗu ke nan Inna Mai Hoto tana buɗe shagonta ƙarfe takwas. Ta goge tabaraunta da bakin mayafi, ta goge idon kyamara, sannan ta leƙa waje. In da gajimare sai ta saki fuska. In rana ta fito ƙwal, ta san yau akwai fama.

Da tabarau idonta ba ya kaiwa jikin 'yar tagar kyamara da ake leƙawa, sai haske ya kutso ta gefe, ta riƙa ganin girarta maimakon mutane. Tsakiya kawai take gani, gefe da gefe ya yanke. In ta cire, komai ya shigo amma dishi-dishi. Haka ta yi aikinta, ba ta taɓa kai kuka wurin kowa ba.

Waɗanda suka yi aiki a tsohuwar masaƙa ba su manta ranar da aka rufe ta ba. Ma'aikata arba'in da uku suka jeru a tsakar fili da tsakar rana, suna son hoto ɗaya kafin a watse. Fim ɗinta kuwa saura ɗauka guda.

Ta leƙa da tabarau, ta ƙirga talatin da takwas. Ta cire, ta ƙirga arba'in da biyar, har da inuwar tankin ruwa. Ta lulluɓe kanta da kyamarar cikin mayafi, gumi ya turnuƙe gilashin. Kanta ya ɗaure. Ta rasa mutanen ne ke motsi, ko idon ne ke mata wasa.

"Inna, ki danna mana, rana ta gasa mu," in ji shugaban ma'aikatan.

"Ranka ya daɗe, wa ke can ƙarshe ta hagu?"

"Baba mai shara ne. Ba komai, ko bai fito ba."

"Da komai. Shi ma nan ya tsufa."

Ta ce wa na ƙarshen hagu da na ƙarshen dama kowa ya ɗaga hankicinsa yana kaɗawa. Ta cire tabarau, ta yi baya taku biyu, sai ga fararen abubuwa biyu suna rawa a gefe. Ba ta bari kyamarar ta gusa ba, ta mayar da tabarau da hannu ɗaya, ta saita tsakiya, ta danna. Kwana uku ta yi ba ta san abin da ta ɗauka ba, abinci ma da ƙyar. Da aka wanke, arba'in da uku cif, ga Baba a gefe da hankicinsa sama, yana dariya.

Bara 'yar Baba mai shara ta zo shagon da hoton a leda. "Inna, duk duniya wannan kaɗai muke da shi na mahaifinmu," ta ce. "Da shi jikokinsa suka san fuskarsa."

Inna ta jima tana dubawa. "'Yar nan, har yau ban san me na gani ba ranar. Farin abu dai na gani."

Watan nan likita ya ce ta ajiye kyamara, idon ya gaji. Inna, ke ce kika tsaya cikin rana ido na ruwa, ba ki da tabbacin komai, amma ba ki yarda a yanke kowa ba. Mai haƙurin leƙe, mun gode. Allah ya saka miki, ya bar miki sauran ganin da ya rage.

Mu kuma da Allah ya ba lafiyar ido, a duk aikin da aka damƙa mana, mu riƙa tambayar wa ke tsaye can ƙarshe ta hagu.