Ƙullin Yaya

Shekara tara muna zaune ni da yayana a ɗan shagonmu na bayan kasuwar Malanville, muna buga wa mutane takardu da hoton katin shaida. Shi ke gyara, ni ke faɗa da masu zuwa. Da ya rasu, aka bar ni da kujera biyu da tsohuwar ordinatar, kwamfutar da muke aiki da ita. Kujerarsa ban ɗauke ba, ban kuma yarda kowa ya zauna kanta ba.

Bayan sadakar arba'in ɗiyarsa ta zo daga Garou da ɗan bidiyo cikin wayarta. Ranar yankan shinkafa ta ɗauke shi. Shi ke nan motsinsa da ya rage a duniya, don Yaya mutum ne mai gudun hoto, ko da yake da hoto muke ci. Na kwafe cikin ordinatar, na kunna. Kai! Murya ta yi gaba, hoto ya tsaya. Yaya ya ɗaga ƙafa ya daskare, ya juyo ya daskare, yana kallona baki buɗe. Kullum bayan la'asar, in kasuwa ta lafa, haka nake zama da shi muna fama.

Raina ya ɓaci. Mutumin da bai taɓa ɗingishi ba, inji ya maishe shi gurgu? Wani mai gyara ya ce kart ɗin hoto, ɗan allon da ke fiddo hoto cikin injin, ita ce ta tsufa, ba ta iya ɗaukar bidiyon wayoyin yanzu. Na yi saƙo Kwatano, direban kar, babbar motar fasinja, ya kawo mini wata cikin kwali.

Ranar wata Juma'a na rufe ƙofa, na kwance bis, ƙusoshin da ke riƙe da murfi, na buɗe cikin injin. Ban taɓa leƙa shi ba, aikin Yaya ne. Sai ga tsohuwar kart ɗaure da robar taya. Ashe maƙalinta ya karye tun tuni, shi kuwa ya ɗaure ta irin ɗaurin da yake yi wa buhun albasa bayan moto, zagaye biyu, ya soke bakin ta ƙasa. Duk garin nan ba mai wanga ƙulli sai shi. Sau nawa ya so ya koya mini, ina cewa, “Bari dai, Yaya, ai kana nan.”

Na daɗe zaune ina kallonsa. Sabuwa ba ta shiga sai an cire tsohuwa, tsohuwa ba ta fita sai an kwance ƙullin. Na ce to, in bi shi sannu, in gane yadda ya bi da shi. Ina taɓawa robar ta ruguje a hannuna kamar busasshen ganye. Zafin shekaru ya cinye ta. Wallahi sai da na ce, “Yaya, riƙe mini nan,” kafin in tuna.

Na soka sabuwar, na tokare ta da guntun kara don ni ban iya ɗauri ba. Na kunna.

Hoto ya fito tas. Ga Yaya ya taho kan kunyar gona da dami a ka, tafiyarsa ta sauri, ya dubi ɗiyarsa ya ce, “Ke, kashe abin nan ki zo ki kama mini.” Ya wuce. Bidiyo ya ƙare.

Na sake kunnawa. Ya wuce. Ko numfashi uku ban yi ba. Ashe duk tsawon zaman da muke yi da shi bayan la'asar, tsohuwar kart ce ke riƙe mini shi, tana tsayar da shi yana dubana. Yanzu ko tsayawa ya kalle ni bai yi.

Na ɗauko tsohuwar daga kan tebur, na juya ta. Ba abin da zai riƙe ta in na maida. Na share ɓurɓushin robar cikin ambulan, na ajiye kan kujerarsa, na buɗe ƙofa don wani na ƙwanƙwasawa yana son hoton kati.