Ruwan Abhur a Gorar Zulai

Rabona da bakin tekun Abhur tun kafin ambaliyar nan da ta kwashe motoci a Jidda, tun unguwar Karantina tana Karantina, katafila ba ta shige ta ba. Sai Alhamis ɗin da ta wuce. Muna idar da sallar asuba muka tashi daga unguwar Bani Malik, ni da jikata mai rubuta muku wannan, da surukina da ke tuƙi a wani gida can Abhur. A cinyata akwai gorar zamzam, ba komai a cikinta.

Gorar ta ƙawata Zulai ce. Ni da ita mun fi shekara talatin muna sayar da gyaɗa da dafaffen wake a bakin ruwan nan. Yanzu tana kwance, ƙafafu sun ƙi. Ta ce ba ta son komai sai ruwan gindin dutsenmu, inda muke wanke ƙafa in mun tashi daga talla. Na ce zan kawo. Ni kuwa in na ce zan yi, an gama.

A da, bayan akori-kura muke hawa, tire a ka, in an bar gari sai rairayi da raƙuma. Yanzu titi ne shimfiɗe kamar darduma, gada kan gada. Jikata ta nuna mini wani bene da ake ta ginawa, wai zai fi kowane tsawo a duniya. Na ɗaga kai har mayafina ya zame. Na ce Allah ya ba mai share shi haƙuri.

Wanda bai san Abhur ba, wani hannu ne teku ya miƙo cikin tudu, dogo, ruwansa kore a baki, shuɗi a tsakiya. A ƙasansa duwatsun murjani ne, irin waɗanda aka gina tsohuwar Jidda da su. Mun san shi da masunta da ƙananan jiragensu, suna fito da kifin najil da hamur suna soyawa nan take. Ranar hutu Larabawa su zo da iyali, su kafa tanti, mu bi su da tire. Da wannan tiren na aurar da 'ya'ya huɗu, ban roƙi kowa ba.

Yanzu katanga ce ke bin katanga. Gidajen hutu, otal-otal, samari na tsere kan baburan ruwa. Mun tsaya shan shayi, aka ce kofi riyal goma. Na tambayi mai shagon ko da kujerar ake sayarwa. Kifin kuwa yana kwance a ƙanƙara bayan gilashi, kamar mara lafiya a asibiti.

Surukina ya tsaya inda aka bar wa jama'a wurin wanka. "Umma, ruwa ai ruwa ne. Ɗebi nan, halas, shi ke nan."

"Kai ka yi wa Zulai alkawari ko ni? Yalla, ja mota."

Da wani ƙaramin masallaci na gane wurin, shi kaɗai bai gusa ba. Amma ga ƙofar ƙarfe, ga mai gadi, shiga sai da tikiti, shi ma sai an kama tun jiya ta waya. Mai gadin dattijo ne, da ya buɗe baki na ji Hausar Damagaram.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannun masu wurin take."

Na ce masa tun ba a haifi masu wurin ba nake zama a nan. Ya ce ya yarda, amma ƙofa ba ta san haka ba. Na juya zan tafi, gorar ta bugi gwiwata. Na tsaya. Kalmar da ban taɓa faɗa wa wani a bakin ruwan nan ba, ranar na faɗe ta.

"Don Allah, ɗan'uwa. Mara lafiya ce ta aiko ni."

Ya dube ni, ya dubi gorar. Ya je ya yi magana da babbansu, ya daɗe, sannan ya dawo ya buɗe mini ƙofar ma'aikata, inda ake fitar da shara.

Dutsen babu shi. An fasa, an zubo farin yashi daga wani wuri, an jera kujeru da lema. Na auna da masallacin, na tuɓe takalmi, na shiga har idon sawu. Ɗumin ruwan bai canja ba. Na fuskanci yamma, inda uwata take nuna mana ta ce ta nan jirginsu ya ƙetaro daga Sawakin, can ƙasar Sudan. Na cika gora. Jikata ta ce na yi kuka. Gishiri ne ya shigar mini ido.

Kafin la'asar mun dawo. Zulai ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta lumshe ido.

"Dutsen yana nan?"

Tun muna 'yan mata ban taɓa yi mata ƙarya ba. Na ce, "Ruwan yana nan."

Ta ce, "To, wanke mini ƙafar." Na durƙusa na wanke.

Abin da na gano a tafiyar nan, ana sayen gaɓa, a yi mata katanga da ƙofa, amma ruwan bai san ya yi sabon ubangida ba. Mu goma sha ɗaya ne masu tire a Abhur. Hauwa mai fura tana Makka wajen ɗanta, ba ta gane mutane. Ta-Sudan an mayar da ita Kano, garin da ba ta taɓa gani ba. Sauran sun riga mu. Sai ni, sai Zulai, sai rabin gora a ƙarƙashin gadonta.