Tsohon da Ke Bin Bayan Rumfuna

Iliyasu mahauci bai san sunan tsohon nan ba, sunan karensa kawai ya sani: Duna. Kowace ranar kasuwar Shanono tsohon yakan zo, dogo siriri, gemu fari tas, riga ta sha wanki har ta koɗe. Daga tabon da ke damtsensa Iliyasu yake zaton tsohon mafarauci ne. Ba ya ratsa tsakiyar kasuwa. Bayan rumfuna yake bi, kada karen ya shafi tufar mai alwala.

Yau ma ga shi tsaye, sai dai hannunsa yana ta lalube a gefen gwiwa, inda Duna ya saba ɗora kai.

Iliyasu ya miƙa masa ƙullin ƙashin da yake ajiye wa Duna. "Baba, ina mutumin naka?"

"Shekaranjiya na binne shi a gindin ɗorawar gonata. 'Ya'yana suka ce a yar da shi a kwazazzabo, na ce ba da ni ba. Wanda ya yi gadin awakina har haƙoransa suka zube ba abincin ungulu ba ne."

Ba a ta'aziyyar kare. Duk da haka Iliyasu ya yi ƙasa da murya. "Allah ya ba ka haƙuri, Baba."

Tsohon ya dube shi sosai. "Kai ne na farko da ya faɗa."

Ya mayar da ƙullin, ya juya. Ga hanyar tsakiya a buɗe, yau babu mai ƙyamarsa. Amma bayan rumfuna ya bi.