Baba Mai Sauro da Kwalabensa

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Sauro yake buɗe ɗakin kiwo na cibiyar bincike, ya duba ɗumin ɗakin, ya barbaɗa wa tsutsar sauro abinci, ya canja audugar ruwan sukari a kan kowane keji. Shekara talatin ke nan yana yi. Mai ɗakinsa takan ce, "Malam, duniya na kashe sauro, kai kana masa reno."

Yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sa shi. Duk zuri'ar da ta ƙare, sai ya tsinci matattu goma ya zuba a 'yar kwalba, ya rubuta kwanan wata, ya adana a firji. Abokan aiki har tsiya suke masa, wai ya buɗe makabartar sauro.

Ana nan, sai maganin da ake gwadawa a kan kowace zuri'a ya daina kashe sauron keji na huɗu. Shugabar sashe ta kira shi ofis.

"Baba, ko ka cika wa maganin ruwa, ko ka bar sauron waje sun shiga kejin. In kuskurenka ne, aikin shekara shida ya rushe, kuma ba zan iya riƙe ka ba."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai, ga 'ya'ya huɗu a makaranta. Amma bai yi musu ba.

"Ranki ya daɗe, a tambayi kakanninsu. Suna firji."

Aka ɗauko kwalaben, aka karanta rubutun ƙwayoyin halittar da ɗa ke gada daga iyaye, zuri'a bayan zuri'a. A kwalba ta sittin da biyu aka ga harafi ɗaya ya sauya a jikin sauro guda. Masu wannan harafin magani bai kashe su ba, su suka hayayyafa har suka cika kejin. Shugabar ta taka har ɗakin kiwo ta ba shi haƙuri.

Baba, kai ne mai haƙurin da ya dafa dutse. Takardar binciken ta fito da sunaye tara, babu naka. Mu abokan aikinka abin ya ƙona mana rai, kai ko a jikinka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu aikin da ba a gani, ku yi koyi da dattijon nan.

Jiya ya yi ritaya. Yana miƙa makulli, wadda ta gaje shi ta ce, "Baba, kwalaben nan fa?"

"Ki ci gaba da ajiyewa, 'yata. Ranar da ba ni da kowa, su suka tsaya mini shaida."