An Cire Kurciya Daga Waƙar Baba Saturnino

Kai da ka tsaya a maƙabarta ranar Laraba kana tafi, ka san abin da ka tafa wa kuwa?

Ranar Litinin, sha huɗu ga Yuli, Allah ya karɓi ran Baba Saturnino Ccorahua, makaɗin arpa, babban molon nan mai tsirkiya da yawa, na ƙauyenmu a tsaunukan Ayacucho na ƙasar Peru.

Baba, babu gawar da aka fitar a ƙauyen nan ba ka raka ta ba, arpa a kife bisa kafaɗa, kana tafe kana kaɗawa, ko da ana ruwa. Babu saurayin da bakinsa ya mutu gaban budurwa ba ka ara masa baiti ba. Ni da na zo aron baiti dariya ka yi: "Kai ɗan nema, da wannan muryar jakin? Tsaya bayana, ka riƙa motsa baki kawai."

Waƙa ɗaya ce ba ka taɓa ara wa kowa ba, wainon nan, salon waƙarmu ta gargajiya, da ka yi wa matarka Mama Eulogia tun tana budurwa mai kiwon tumaki, kana kiranta "kurciyata". Da shi ake rufe rawa duk bikin tonon dankali, ita kuwa ta rufe fuska da malafa tana cewa, "Tsohon nan dai ba shi da kunya."

To, me aka yi ranar jana'izarka? Kwamitin al'adu ya hana makaɗan da ka koyar taɓa tsirkiya, wai karramawar zamani za a yi. Aka girke lasifika a bakin kabari, aka saki waƙar da wata muryar haya. Duk inda ka ce "kurciyata", an cusa sunan shugaban ƙaramar hukuma mai neman tazarce. Har da masu tafi! Mama Eulogia ba ta yi kuka ba. Juyowa ta yi ta ce da ni, "Ɗana, ni kuma ina aka kai ni?"

Allah ya jiƙanka, Baba, ya sa ka huta. Allah ya ba Mama Eulogia da 'yarku Maximina haƙuri, da duk wanda ya taɓa rawa a gabanka.

Don Fermín Pariona, kai ne shugaban kwamitin. Ranar wanke tufafin mamaci a rafi kowa zai hallara. Ka zo. Ba ni za ka ba amsa ba. Ka tsaya gaban jama'a, ka cire hula, ka faɗa wa matar nan inda kuka kai ta.